Alwallar wanda aka cire wa haƙori, da yadda zai kiyaye bakinsa

 

Ya ku ƴan'uwa Musulmi, ku sani idan aka cire haƙori, jini yakan daskare a cikin gurbinsa, kuma wannan gudan jinin shi ne murfin da ke rufe ƙashi har nama ya tsiro. In ya fita, ƙashin ya zauna a buɗe, sai ciwo ya taso bayan kwana 2 zuwa 4, ciwon da yakan fi na haƙorin tsanani, har ya kai ga kunne.

Saboda haka likitoci suke cewa a cije audugar da suka ɗora wajen minti 30, kuma a bar kurkurar baki da tofar da yawu da ƙarfi har awa 24. A nan ne da yawa daga cikinmu suke cutar da kansu, domin mutum yana tsoron kada alwallarsa ta ɓaci, sai ya kurkure da ƙarfi sau uku a kowace salla. To, kurkurar baki sunna ce, ba ta cikin farillan alwalla bakwai, kamar yadda ɗalibi yake karantawa tun a Ahalari. Wanda ya bar ta domin lalura, alwallarsa ta inganta. Haka nan jinin dasashi ba ya warware alwalla a mazhabar Imamu Malik.

Idan yini guda ya wuce, a zuba rabin ƙaramin cokali na gishiri a kofin ruwan ɗumi, a riƙe a baki, a juya a hankali bayan kowane cin abinci. Asuwaki kuwa a ci gaba da shi a sauran haƙora, a kauce wa gurbin. A sha kunu bayan ya huce, a tauna da ɗaya gefen. Goro ya dakata. Taba kuma, wadda barinta gaba ɗaya ya fi, zuƙarta tana fizge gudan jinin.

Mai azumin Ramadan, in ciwon zai jira, ya bari sai bayan buɗa baki, domin ya sami shan magani, ya kuma kuɓuta daga haɗiyar jini.

Wanda jininsa ya ƙi tsayawa bayan ya sake cije auduga mai tsabta, ko kumburi ya ƙaru tare da zazzaɓi, ko buɗe baki da haɗiya suka yi masa wuya, ya koma wurin likita a ranar, kada ya jira wayewar gari.