Me Ya Sa Bututun Ƙarfe Ke Lanƙwashewa Bayan Walda?

Wani mai walda daga Gusau ya aiko da tambaya: bututun ƙarfe ya lanƙwashe masa yana haɗa ƙofa, yaya zai miƙar da shi?

To Malam, walda ce ta ja shi. Ƙarfe idan ya yi zafi yakan buɗe, in ya huce ya tsuke, sai bututun ya karkata wajen da aka yi waldar. Maganin yana bayan lanƙwasar, inda ya yi doro. Ka ɗora wutar gas a wurin, ɗigo kaɗan kamar faɗin kwabo, har ya soma ja, wajen digiri 600. Sai ka ɗauke wuta, ka bar shi ya huce da kansa, kada ka kwara ruwa yana ja. Tsukewar nan ita za ta dawo da shi. Ka auna da zare, in da saura ka maimaita.

Guduma kuwa, a ganina ɓarna ce ga bututu maras kauri, lotsa shi za ta yi. Gara jak ɗin mota.

Gobe in za ka haɗa, ka ɗaure aikin tamau, ka ɗoɗɗosa walda tukuna, kana sauya gefe. Allah ya ba da sa'a.