Me Ya Sa Sabuwar Bindigar Farauta Mai Ɗura Wa Kanta Harsashi Ke Cijewa?

Duk mai buga PUBG a waya ya san S12K: ka danna ta tashi, ka sake dannawa ta tashi. A zahiri ba haka abin yake ba. Irin wannan bindiga takan cije ko da sabuwa ce fil, kuma a lokacin cijewar ne ganganci ke jawo asarar rai. A darasinmu na yau za mu duba dalili.

Yadda take aiki

Bindigar toka da mafarautan ƙauyukan Watari, a yankin Bagwai, suka saba da ita, da hannu ake ɗura mata albarushi ta baki. Ita kuwa wannan, ƙarfin harsashin da ya fashe ne ke tura ƙarfen cikinta baya ya cillo kwanso waje, sannan sifirin ya dawo da ƙarfen gaba ya shigar da sabon harsashi. John Browning na Amurka ya ƙirƙiro Auto-5 a 1898, mai aiki da ƙarfin tokarin harbi. Remington 1100 ta 1963 kuwa da iskar da albarushi ke fitarwa take aiki. Ko wacce ce, idan ƙarfin ya gaza, aikin sai ya tsaya a rabi.

Abubuwan da ke sa ta cije

1. Giris ɗin kamfani. Ana shafa shi don kada ƙarfe ya yi tsatsa a hanya, ba don aiki ba. Idan ba a goge shi ba, yakan riƙe ƙarfen.
2. Sabon sifirin yana da tauri, sai ya ɗan yi aiki kafin ya saki.
3. Harsashi mara ƙarfi. Mai giram 24 ko 28 kan kasa tura ƙarfen sabuwar bindiga har ƙarshe, inda mai giram 32 zai tura. Sai kwanso ya maƙale a ƙofa.
4. Ƙurar hunturu. Idan ta haɗu da mai sai ta zama taɓo, ta toshe ƙananan ramukan da iskar ke bi.
5. Harsashin da ya sha damshi ya kumbura, ko wanda tsawonsa ya wuce abin da aka rubuta a jikin bututu.

Idan ta cije

A ɗauke yatsa daga kunama, a juya bakinta inda babu mutum ko dabba. Idan an ja kunama ba ta tashi ba, a jira aƙalla daƙiƙa 30, domin harsashi kan yi jinkirin fashewa. Kada a leƙa bututu, kada a buga ta da ƙasa. Gyara kuma aikin ƙwararre mai lasisi ne, ba na bidiyon TikTok ba.

Me doka ta ce?

Dokar bindigogi ta Najeriya ta 1959 ta raba lasisi gida uku. Bindigar toka, kwamishinan 'yan sandan jiha ke ba da izini. Bindigar farauta ta gama-gari, Sufeto Janar. Mai ɗura wa kanta kuwa tana cikin haramtattu, sai da lasisin Shugaban Ƙasa. Don haka duk wanda ya tallata maka ita a WhatsApp ko Facebook, hanyar gidan yari yake nuna maka. Ka san yadda take aiki don ilimi, amma ka bar harbin a cikin wayarka.