Shawarwari Takwas Kafin A Buga Zanen Furanni A Kan Jins

Zanen fulawa a kan jins ya shiga gidaje da yawa: siket ɗin yara mata, jaket, jakar makaranta, har da rigar matashin kujera. Sai dai furen da ya yi kyau a fuskar waya ba lallai ne ya fito haka a jikin yadi ba. Launin jins ɗin kansa yana shiga cikin zanen, ya ƙara masa haske ko ya dusashe shi. Don haka a fara duba yadin kafin a zaɓi furen.

1. Ku san yadda aka saƙa yadin. Jins na asali auduga ce. Zaren tsaye kaɗai ake rinawa da shuɗin baba, zaren kwance a bar shi fari, shi ya sa cikin wando ya fi bayansa haske. Irin shuɗin nan ne marinan Ƙofar Mata a Kano suke samu daga ganyen baba, sai dai masana'antu sun koma ga na sinadari tun bayan da kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da shi a 1897. Wannan rini a bayan zare yake tsayawa, ba ya ratsa tsakiyarsa. Shi ya sa jins yake zuba, yake kuma koɗewa a gwiwa da bakin aljihu, kuma duk zanen da aka ɗora masa zai zauna ne a kan launin da ke canzawa.

2. Shuɗi mai duhu yana buƙatar farin shimfiɗa. A nan aka fi yin asara. Yawancin tawadar bugu ba ta rufe launin da ke ƙarƙashinta gaba ɗaya. Idan aka buga rawaya kai-tsaye a kan shuɗi, sai ta koma kore-kore. Ja ya koma ruwan hanta, ruwan hoda kuma ya ɓace. Maganinsa shi ne mai bugu ya fara shimfiɗa farar tawada daidai siffar furen, sannan ya ɗora launuka a kai, kamar yadda mai fenti yake fara shafa fari a bango mai duhu. Ku tambaye shi a fili ko zai yi hakan, ko da kuɗin zai ɗan ƙaru. Idan aka yi shi daidai, farin bado da rawayar furen kabewa suna haskawa a kan wannan yadi fiye da ko'ina.

3. Shuɗi mai haske ya fi sauƙin sha'ani. Jins da aka wanke a masana'anta har ya yi ruwan sararin samaniya yana karɓar kusan kowane launi. Jan zoɓo, ruwan goro da koren ganye mai duhu duk suna fita sarai. Abin da ba ya so shi ne farin fure da shuɗi mai haske, domin suna narkewa cikin yadin. In dole sai su, a zagaye kowane fure da siririn layi mai duhu.

4. Baƙin jins na manyan furanni ne. A kan baƙi, ja da ruwan zinariya da fari suna da kwarjini, musamman idan furen babba ne, guda ɗaya ko biyu a bayan jaket. Koren ganye mai duhu da shunayya kuwa ba a ganinsu daga nesa. Ku tuna kuma baƙin jins yakan koma ruwan toka bayan wanki da yawa, don haka ku zaɓi launin da zai yi kyau a kan duka biyun.

5. Fari da ruwan madara suna faɗin gaskiyar launi. A kansu ne zane yake fitowa kusan yadda aka tsara shi, har da ƙananan jijiyoyin ganye. Amma ba sa ɓoye kuskure, ɗigon tawada ɗaya ma sai an gan shi. Ga yaran da ke wasa a ƙasa, gara a zaɓa musu shuɗi matsakaici.

6. Ku daidaita girman zane da kaurin yadi. Saƙar jins tana da ƙananan layuka a karkace, waɗanda ke yanka siraran layukan zane. Ƙananan furanni masu yawan ƙawa sun fi dacewa da yadi marar nauyi mai santsi. Jins mai roba kuma yana miƙewa, sai tawada mai kauri ta tsattsage a gwiwa da cinya. A irinsa, a sa furen a ƙasan ƙafa ko a kan aljihu, ko a ba mai surfani ya ɗinka shi da zare.

7. Ku wanke, ku gwada, sannan ku biya. Sabon jins yana tsukewa a wankin farko, yana kuma fitar da ragowar rini da kan iya ɓata farin fure. A wanke shi ya bushe tukuna. Ku jiƙa farin ƙyalle ku goga a jikinsa, idan ya ɗauko shuɗi sosai a sake wankewa. Daga nan a yi gwajin bugu a kan ƙyallen da tela ya rage, ko a cikin lanƙwasar ƙafar wando, a duba shi a hasken rana, domin fitilar shago tana sauya launi. Wandon gwanjo mai tsabta ya dace da wannan aiki, tunda ya riga ya gama zuba.

8. Wanki ne ke yanke tsawon ran zane. A juya kayan ciki waje, a wanke da ruwan sanyi da sabulu marar ƙarfi, kada a sa bilic, kada a murje furen da buroshi. A shanya a inuwa. Wajen guga, a bi ta ciki ko a ɗora ƙyalle a kan zanen, domin dutsen guga mai zafi yana narkar da bugun da aka manna da zafi.

Kafin ku tafi shagon bugu, ku ɗauki yadin da kansa, ba hotonsa ba. Ku ɗora zanen a kansa a bakin ƙofa inda rana take, ku ja baya taku kaɗan ku duba. Idan furen bai fito daga nan ba, a sauya launinsa tun tawada ba ta taɓa yadin ba.