Fotal Ya Ƙi Karɓar Takardunku? Ga Yadda Ake Rage Musu Nauyi

Duk shekara, da zarar jami'o'i sun buɗe shafin tantance ɗalibai bayan jarrabawar JAMB, ƙorafi ɗaya ake ta ji a shagunan kwamfuta na Gummi, Anka da Bukkuyum: an biya kuɗi, an cike fom tsaf, amma da aka zo ɗora takardu sai fotal ya ce fayil ya yi girma. Ko Jami'ar Tarayya ta Gusau ake nema, ko ta Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato, ko ta jiha da ke Talata Mafara, abin da aka fi tambaya bai wuce hoton fasfo, sakamakon WAEC ko NECO, takardar haihuwa da ta shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma ba.

Daga ina matsalar take?

Da kilobait da megabait ake auna nauyin fayil, wato KB da MB, kuma MB ɗaya daidai yake da KB 1,024. Hoton da wayar zamani ke ɗauka yakan kai MB 2 zuwa 5, alhali fotal da yawa kan tsaya a KB 100 ko 200 ga kowace takarda, na fasfo ma wani lokaci ƙasa da KB 50. Makarantu na sa wannan iyaka ne don dubban ɗalibai ke turo takardu lokaci guda. Ku ma da ribarku: inda sabis ke da rauni, ƙaramin fayil ne ke samun wucewa kafin ya katse, kuma bai cin data.

Abubuwa uku ke sa hoto nauyi: yawan ƙananan ɗigogin da suka haɗu suka yi shi, waɗanda ake kira fiksil, sai launi, sai yadda aka matse shi wajen adanawa. A nan gyaran yake.

Abin yi

Ku fara da karanta umarnin fotal ɗin. Nauyi nawa ya yarda da shi? JPG yake so ko PDF? Dokar wata makaranta ba ta wata ba ce, ta bara ma tana iya sauyawa bana.

Sannan ku ɗauki hoton da kyau, don wanda ya fito dishi-dishi tun farko ba ya gyaruwa. A shimfiɗa takardar a bisa tebur, kusa da taga ko a inuwa da rana, a kashe fitilar kyamara, a riƙe waya daidai saman takardar. Manhajar Google Drive da Adobe Scan duk suna da wurin yin sikanin: su gano gefunan takarda, su yanke tabarma ko teburin da ya shigo cikin hoton. Wannan yankan kaɗai na rage nauyi sosai.

Idan na'urar sikana ce a shago, ku ce a sa ta a dpi (yawan ɗigogi a kowane inci) 150 maimakon 300. Takardar A4 a kan 300 tana fitowa da fiksil 2,480 a faɗi, 3,508 a tsawo. A kan 150 kuwa 1,240 ne da 1,754, wato kashi ɗaya bisa huɗu na ɗigogin, kuma rubutu na karantuwa sarai. A kwamfuta mai Windows, manhajar Paint na iya wannan ragin. Ga hoton fasfo, faɗin fiksil 300 da tsawon 400 yakan wadatar, sai idan fotal ya faɗi nasa ma'aunin.

Idan har yanzu da saura, a mayar da takardar baƙi da fari, muddin ba a ce lallai mai launi ake so ba. Fasfo dai a bar shi da launinsa. Daga ƙarshe a matse fayil ɗin sau ɗaya, a tsaya a matsakaicin inganci. Shafuka irin su iLovePDF da Smallpdf na matse PDF, suna kuma haɗa shafi biyu su zama fayil guda ga mai haɗa sakamakon zama biyu.

Kada garin neman gira a rasa ido

Ba wanda zai ba ku maki don fayil ɗinku ya fi na kowa ƙanƙanta. Idan iyaka KB 200 ce, 180 ya fi 40. Kafin ɗorawa ku buɗe shi, ku faɗaɗa: suna, lambar jarrabawa, ranar haihuwa, darajar kowane darasi, hatimi da sa hannu, duk suna fitowa? In ɗaya ya dushe, ku koma kan asalin hoton ku sake, domin duk matsar da aka ƙara wa JPG wani abu take zubarwa wanda ba ya dawowa. Shi ya sa hoton da ya sha yawo a WhatsApp bai dace ba.

Sauya ƙarshen sunan fayil daga jpg zuwa pdf ba ya mayar da shi PDF, kuma dunƙule shi a ZIP ba ya rage wani abin kirki. Masu iPhone su lura, wayar kan adana hoto a tsarin HEIC wanda fotal da yawa ba su karɓa, sai an juya shi zuwa JPG. Taɓa ko harafi ɗaya a sakamako kuwa jabu ne, yana iya jawo kora ko an yi nisa da karatu.

Ku kuma sani ɗora sakamako a fotal ɗin jami'a daban, ɗora shi a na JAMB daban. Tun 2017 ta tsarin CAPS na hukumar JAMB ake ba da gurbi, kuma a cibiyar CBT da hukumar ta amince da ita ko a ofishinta ake ɗora sakamakon sakandare.

In kun gama a shago, ku tsaya a goge takardunku daga kwamfutar, musamman mai ɗauke da lambar NIN. Amma ku tura wa kanku asalin sikanin mai nauyin ta imel. Ambaliyar da ta ci gidaje a Gummi a watan Agustan 2024 ta isa ta tuna mana cewa takardar da ke cikin akwati kaɗai ba ta tsira ba.

Kada ku jira ranar rufe fotal. Ku shirya fayilolin tun yanzu, kowanne da sunansa, domin a ranar ƙarshe cunkoso kan hana ko mafi ƙanƙantar fayil wucewa.