Mu Duba Bayan Leda Kafin Mu Ba Maƙwabci

'Yan'uwa cikin Ubangiji, a Kambaza da sauran garuruwan Gwandu da Kalgo muna zaune tare da maƙwabta Musulmi. Sukan aiko mana da nama ran Babbar Salla, mu kuma mukan ba 'ya'yansu alewar kanti lokacin Kirsimati. To, mun san abin da ke cikinta?

Akwai wani abu da ake kira jelatin. Fata da ƙashin dabba ake dafawa a samo shi, sau da yawa na alade, wani lokaci na shanu ko kifi. Shi ke sa alewa mai taushi ta yi danƙo.

Ga abin da za mu yi:

1. Mu juya leda mu karanta jerin kayan haɗi. Da Turanci "gelatin" ake rubutawa, da Faransanci kuwa "gélatine".
2. In ba a faɗi dabbar ba, mu ajiye, mu sayi wata.
3. Pektin daga 'ya'yan itatuwa yake, ƙaro kuma daga itace. Babu dabba a cikinsu.
4. Lambar NAFDAC, hukumar da aka kafa a 1993, shaidar rajista ce, ba ta halal ba.

Mun sani abinci ba ya ƙazantar da mu (Markus 7). Amma Manzo Bulus ya koya mana mu kula da lamirin waɗansu (1 Korintiyawa 10). Yaron da ya miƙo hannu ya amince da mu ne. Kada mu ci amanarsa saboda ƙyuyar karatu.