A Gyara Takalmi Tun Tsagar Tana Ƙarama

Wata shekara, bayan ambaliya ta ci gidaje a wasu ƙauyuka da muke aiki tare da su, mun raba kayan taimako, ciki har da takalman yara. Muka koma wajen ƙarshen damina don mu ga yadda jama'a suke. Yara da yawa da muka ba takalma suka fito tarbarmu ƙafa a ƙasa. Da muka tambaya, wata uwa ta shiga ɗaki ta jawo takalmin ɗanta daga ƙarƙashin gado. Ƙasansa lafiya lau, ko ɗaya bai cinye ba. Maɗauri guda ne kawai ya tsinke. Ta ce suna jiran kaka, in an sayar da masara a saya masa sabo.

Laifin ba nata ba ne ita kaɗai. Mu da muka kawo takalman buhu-buhu, ba wanda ya yi tunanin haɗawa da basilla ko zare, balle a nuna wa mutane yadda za su yi amfani da su. Darasinmu na wannan fitowa ya samo asali ne daga wannan kuskure namu. Muna roƙo a karanta shi a taron zumuntar mata, da na matasa, da na maza, kowa ya zo da takalmin da ya lalace a gidansa.

Abin da ke faruwa a lokacin jira

Idan aka yi maganar gyaran takalmi, yawancinmu kuɗi muke fara tunawa. Gaskiya ne, tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 farashin kaya ya tashi, kuma takalmin roba bai tsira ba. Amma akwai abin da ya fi kuɗin. Tsakanin ranar da takalmi ya tsinke da ranar da aka sayi sabo, yaro yakan yi makonni, wani lokaci watanni, yana tafiya ba takalmi. Sau da yawa kuma wannan jira yakan faɗo ne a tsakiyar damina, lokacin da aljihu ya bushe, ƙasa kuwa ta jiƙe.

Akwai wata tsutsar ciki mai baki kamar ƙugiya wadda ta fi shiga jiki ta fatar ƙafa. Ƙwanta yana fita cikin bayan gidan wanda yake ɗauke da ita. In an yi bayan gida a fili, ƙwan yakan ƙyanƙyashe a ƙasa mai laima da inuwa, cikin kamar mako guda 'ya'yan sun isa su shiga mutum. Ido ba ya ganinsu. Yaro ya taka, su huda fata, jini ya kai su huhu, su hauro maƙogwaro, ya haɗiye su bai sani ba. Daga nan sai su maƙale a hanji suna shan jininsa kowace rana. Abin da iyaye za su gani shi ne yaro ya yi fari, yana saurin gajiya, ba ya gane karatu. Ga mace mai ciki ƙarancin jinin ya fi haɗari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum wajen biliyan 1.5 ne ke ɗauke da tsutsotsin cikin da ake samu daga ƙasa, wannan tana ɗaya daga cikinsu. Maganin tsutsa da ake rabawa a makarantu yana kashe ta, amma in yaro ya koma yana taka wuri ɗaya ba takalmi, za ta dawo.

Sauran mun san su: ƙaya, fasasshiyar kwalba, jiga, kunama. Rauni mai zurfi da ƙasa ko kashin dabba ya shiga yana iya kawo tetanos, wato ciwon da ke sarƙe haƙora ya sandarar da jiki. 'Yan'uwanmu na wajen Kaltungo a Jihar Gombe, inda akwai asibitin masu saran maciji, ba sa bukatar a gaya musu halin kububuwa. Yawancin sara a ƙafa da ƙwauri yake, a gona ko a hanya da dare. Silifas ba zai tare maciji ba, sai dogon takalmin roba, shi kuwa yana da tsada, shi ya sa bai kamata a yar da shi don ya huje ba. A tuddan Habasha da na arewa maso yammacin Kamaru akwai wani irin tundurmi da ba sauro ke kawo shi ba. Shekara da shekaru na taka jar ƙasa ba takalmi ne ke kumbura ƙafar, kuma rigakafinsa takalmi ne da wanke ƙafa da sabulu.

Duba kafin ya tsinke

Takalmi ba ya lalacewa rana ɗaya. Ɗinki yakan fara da sakin zare ɗaya ko biyu. Ƙasan yakan fara buɗe baki kaɗan a wajen yatsu. A wannan lokaci aikin na 'yan mintoci ne. In aka bari, ruwa da yashi su shiga, tsagar ta yi ta ci har ta kai inda ba abin da zare zai kama.

Saboda haka muna ba da shawara a zaɓi rana guda a mako, misali Asabar da yamma lokacin da ake wanke kayan zuwa sujada. A wanke takalman gida duka, a juya kowanne, a ja maɗaurin da hannu, a lanƙwasa ƙasan a ga ko ya tsage, a sa hannu ciki a ji ko akwai abin da ke suka. Yaro ɗan shekara goma zai iya wannan in an nuna masa sau ɗaya.

Ɗinki

Cikin dukan hanyoyin gyara, ɗinki muka fi amincewa da shi, domin ruwa ba ya sake shi. Kayan aikin kaɗan ne: basilla mai ƙugiya a baki irin ta masu gyaran takalmi, zaren nailan mai ƙarfi, wuƙa mai kaifi, da ɗan kakin zuma. A goga zaren da kaki kafin a fara, zai shiga da sauƙi kuma ba zai sha ruwa ba.

A soka basillar ta ratsa, a maƙala zaren a ƙugiya, a jawo shi ya fito, rabinsa a sama rabinsa a ƙasa. A matsa gaba kaɗan a sake sokawa, a jawo zaren ƙasa ya yi ɗan zobe, a zura bakin na sama a cikin zoben, sannan a ja duka biyu su ɗaure a tsakiyar robar. Haka za a yi ta yi. Karatunsa ya fi yinsa wuya, gani sau ɗaya ya isa.

Kurakurai biyu muka fi gani. Na farko, a bar zaren a fili a ƙasan takalmi, inda zai riƙa gogar ƙasa, kafin sati biyu ya tsinke. Masu sana'ar sukan ɗan tsaga layi marar zurfi da wuƙa, zaren ya kwanta a ciki. Na biyu, a yi huji kusa da juna ƙwarai ko kusa da baki, sai robar ta yage ta bi layin. In maɗauri ya tsinke a tsakiya, kada a haɗa baki da baki kawai. A yanko ƙyallen fata ko roba daga tsohon takalmi a shimfiɗa ta ciki, a ɗinke a kansa. Don haka ma wanda ya mutu sarai kada a yar da shi, kayan gyaran wani ne.

Gam da wuta

Mutane da yawa sun ce mana sun gwada gam bai riƙe ba. Da muka duba, yawanci an shafa ne a kan datti, ko kuma an haɗa nan take. Gam irin na masu takalmi yana son haƙuri. A wanke wurin, ya bushe sarai. A kankare ɓangarorin biyu da dutse mai kaushi ko bakin wuƙa. A shafa kaɗan a kowane ɓangare, a bar su a buɗe kamar minti 10 zuwa 15, har sai an taɓa da yatsa bai biyo ba. Sannan a haɗa, a buga da guduma ko dutse, a ɗora nauyi a kai, kada a sa sai washegari. In an bi da ɗinki a bakin yatsu, ya fi. Ƙaramin gam ɗin nan mai kamawa nan take bai dace da takalmi ba, domin in ya bushe tauri yake yi, da an taka ya karye.

Dogon takalmin roba da ya huje ana yi masa faci kamar tayar keke, da sholisho da guntun robar cikin taya. Mai faci na bakin kasuwa zai iya. A nan sai mun ja kunne. Mun san yadda wasu samari suka lalace da shaƙar sholisho. Gam da sholisho su zauna a hannun babba, a rufe, a yi aiki da su a waje nesa da wuta.

Takalmin roba mai sulɓi irin na makaranta ana iya liƙe shi da wuƙar da aka gasa a garwashi: a sa ta tsakanin ɓangarorin biyu har su fara narkewa, a zare, a matse, a ƙara guntun roba irinsa a kai. Hayaƙin ba shi da kyau ga ƙirji, a yi a fili. Silifas mai laushi kamar soso kuwa ba ya son wuta, ƙanƙancewa yake yi.

Ƙusa da waya

In hancin silifas ya fita, abin da kowa ya saba shi ne a soka ƙusa ko waya a ƙarƙashi. Mu ma mun yi haka muna yara. Amma soson yana cinyewa, ƙarfen ba ya cinyewa, wata rana sai ya leƙo ya sami tafin ƙafa, ga shi kullum cikin ƙasa da kashin awaki. Gara a yanko 'yar roba mai faɗin kwabo daga tsohuwar taya, a huda tsakiyarta, a zura hancin a ɗinke. Haka nan in za a ƙara wa dunduniyar da ta cinye gefe guda, a nemi tayar da ba ta da waya a ciki.

Ga masu ciwon suga da waɗanda suka taɓa yin kuturta, wannan ba shawara ba ce kawai, doka ce. Ƙafarsu takan daina jin zafi. Ƙusa ko ƙullin zare zai iya cin naman kwana da kwanaki ba su sani ba, har ya zama gyambon da ba ya warkewa. Takalminsu kada ƙarfe ya shiga cikinsa, cikin ya zama mai laushi, kuma wani a gidan ya riƙa duba musu ƙafa kowace yamma.

Wanda ba ya gyaruwa

Ba kowane takalmi ne ya cancanci wahala ba. In ƙafar yaro ta fi shi girma, a gyara a ba ƙanensa, kada a tilasta masa. In tsakiyar ƙasan ya cinye har ana jin tsakuwa, sai dai a canja ƙasan gaba ɗaya, wannan kuwa aikin baduku ne. Akwai kuma wasu takalman gwanjo masu kyau a ido, amma irin robar ƙasansu takan ruɓe in ta daɗe a ajiye, a sa kwana biyu ta riƙa marmashewa. Ba gam ko zaren da zai kama ta. Kafin a biya, a lanƙwasa ƙasan da ƙarfi, a danna da farce. Na fata kuwa in ya jiƙe, kada a kai shi bakin murhu. A cusa masa tsumma ya bushe a inuwa, a shafa masa ɗan man kaɗe.

Maganar kunya

A wani taro wata yarinya ta ce ita gara ta zo sujada ba takalmi da ta zo da mai faci, domin za a yi mata dariya. Aka yi shiru, don kowa ya san gaskiya ta faɗa, kuma ba yara kaɗai ke wannan kallo ba. A karanta Markus 1:16-20. Lokacin da Yesu ya kira 'ya'yan Zabadi, a cikin jirgi ya same su suna gyaran tarunansu, su da suke da ma'aikatan haya. Me ya sa mai abin hannu yake gyara kayan aikinsa ba ya jin kunya, mu kuwa muke ji? A karanta kuma Yakubu 2:1-4, sannan a tambayi juna: wa ke zama a ina a majami'armu, kuma ƙafar wa muke kallo? Gidaje nawa ne suke cin bashi a watan Disamba saboda sabbin takalman Kirsimeti, alhali a watan Agusta yaran ba abin da suke takawa?

Ba muna cewa kowa ya zama baduku ba ne. Inda akwai mai gyara a kasuwar mako, a kai masa, a biya shi haƙƙinsa ba tare da an matse shi ba. Inda babu, ikilisiya za ta iya gayyato ɗaya, Kirista ne ko Musulmi, ya zauna yini guda ya koya wa matasa biyu ko uku, a biya shi daga asusun zumunta. A sayi basilla biyu, da zare, da gwangwanin gam, a sa a akwati, a rubuta sunan wanda zai riƙe. Kafin ranar, wani ya tambayo kuɗin sabon takalmin makaranta da kuɗin ɗinke maɗauri, a rubuta su a allo kowa ya gani. Lokacin da ya fi dacewa shi ne watan Afrilu, kafin ruwa ya sauka a shiga gona.