Janar Mid da Yaƙin Getisbag

A cikin shekarar 1861 yaƙin basasa ya tashi a ƙasar Amurka. Jihohin Kudu suka ce sun ware, don ba su yarda a taɓa musu sha'anin bauta ba. Jihohin Arewa kuwa, da shugabansu Linkon, suka ce ƙasa ba ta rabuwa.

Kudu suna da wani gwanin yaƙi, sunansa Janar Li. Sau biyu a jere ya kori rundunar Arewa, har a cikin 1863 ya ƙetare kogin Potomak ya shiga ƙasarsu. Ana cikin wannan hali, ran 28 ga watan Yuni, da asuba, sai manzo ya ta da wani janar wai shi Mid daga barci. Mid ya zaci an zo kama shi ne. Ashe takarda ce aka kawo, an ba shi jan rundunar duka, mutum wajen 90,000. Shi dai ba sananne ba ne ƙwarai. Injiniya ne tun asali, ga shi kuma da saurin fushi.

Kwana uku kaɗai da naɗinsa, ran 1 ga Yuli, aka yi arangama a wani ƙaramin gari wai shi Getisbag. Ran nan mutanen Mid suka sha kashi, suka ja da baya, suka hau tuddan da ke kudu da garin. Shi kansa bai iso ba sai da dare ya raba. Da ya duba wurin sai ya ga ya yi masa. Tuddan sun lanƙwasa kamar ƙugiya, saboda haka in wuta ta yi zafi a gefe guda, yana iya ɗebo dakaru daga wancan gefe ya kawo su nan da nan. Li kuwa sai mutanensa sun kewayo ta nesa. Haka aka yi kashegari: duk inda layi ya nemi tsinkewa, sai Mid ya aika da gudummawa a toshe.

To, ku lura da abin da ya yi daren nan. Ya tara manyan sojansa a cikin wani ɗan ɗaki, ya tambaye su, a tsaya ko a tashi? Suka ce a tsaya. Sa'an nan ya gaya wa wanda ke tsaron tsakiya ya shirya, don Li ya gwada dama da hauni bai samu ba, saura tsakiya. A ganina nan ne aka ci yaƙin, tun ba a buga shi ba.

Ran 3 ga wata da azahar igwogin Kudu suka yi ta aman wuta. Da suka yi shiru, sai dakaru wajen 12,000 suka fito fili, suka nufo tsakiya sosai, tafiyar kusan mil guda ba wurin ɓuya. Aka yi musu ruwan harsashi. Kaɗan suka kai ga katangar duwatsun da 'yan Arewa ke fakewa, nan aka kashe su ko aka kama su. Wajen rabinsu ba su komo lafiya ba. A cikin kwana ukun nan, waɗanda suka mutu, da masu rauni, da waɗanda aka kama ko suka ɓace, sun kai wajen 50,000, in an haɗa sassan biyu.

Li ya juya gida, ya tarad da Potomak ya cika da ruwan sama, ba halin ƙetarewa. Mid ya biyo shi, amma a hankali, don sojansa sun jigata, manyansa da yawa kuma sun faɗi. Kafin ya kai hari, daren 13 ga wata Li ya haye. Ran Linkon ya ɓaci ƙwarai, har ya rubuta wa Mid takarda ta zargi, amma bai aika da ita ba. Da Mid ya ji ba a gamsu da shi ba, sai ya nemi a sauke shi. Aka ƙi. Ya riƙe rundunar nan har ƙarshen yaƙi a 1865, sai dai tun daga 1864 an ɗora Janar Girant a bisansa.